Hutun sanyi: Kano ko Kwatano? A Doso hanya ke rabuwa

Duk wanda ya zauna a wata fada ta Banifandou a ƴan kwanakin nan, bayan sallar isha'i, lokacin da sanyi ke sa kowa matsowa kusa da murhun shayi, ya san zancen da ake yi. Hutun ƙarshen shekara ya matso. Ɗalibai za su samu ƴan kwanaki, ma'aikatan kamfanoni da na ƙungiyoyi na neman izinin mako guda, ƴan uwa da ke Faransa, Beljiyam, Amurka da Saudiyya kuma sun fara aiko da ɗan abin da ya samu. Tambayar da ake ta maimaitawa ita ce ina za a je a sha iska, kuma birane biyu ne sunansu ya fi fitowa: Kano da Kwatano.

Masu son Kwatano na cewa can ne teku yake, babu hazo mai toshe hanci, kuma kuɗinsu ɗaya da namu. Masu son Kano na cewa naira ta faɗi, sefa ta yi daraja, mutum zai je da ɗan kuɗi ya dawo da shadda da takalma, ga shi ba ya buƙatar tafinta. Galibi muhawarar na ƙarewa ne a kan salula, kowa na nuna hoton da wani abokinsa ya ɗauka bara a bakin ruwa ko a ƙofar wani babban kanti.

Mu a wannan jarida muna ganin an fara lissafin ta inda bai dace ba. Kafin a yi maganar abin da ke cikin birnin, ya kamata a yi maganar hanyar da za ta kai mutum can ta kuma dawo da shi. Idan aka yi lissafin haka, a bana Kano ce ta fi dacewa da matashi mai ƙaramin ƙarfi, bisa wasu sharuɗɗa da za mu ambata. Kwatano kuwa a bar ta ga wanda ke da kuɗin jirgin sama, ko wanda wani dalili mai ƙarfi ya kira shi.

Hanyar kudu

Motar Kano da ta Kwatano hanya ɗaya suke bi daga Yamai har Doso, kimanin kilomita 140. A nan mai zuwa Kwatano zai karkata kudu zuwa Gaya, mai zuwa Kano ya miƙe gabas ta Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni zuwa Maraɗi.

A da, hanyar kudu ba ta da wani abin tunani. Mutum ya hau bas da asuba a Yamai, ya tsallaka gadar da ta haɗa Gaya da Malanville, ya bi ta Kandi da Parakou, ya sauka Kwatano bayan tafiyar sama da kilomita 1,000. Wannan ya canja tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin da CEDEAO ta ƙaƙaba wa ƙasarmu a ranar 30 ga watan. An ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma Nijar ta bar nata a rufe. Firaminista Ali Mahaman Lamine Zeine ya bayyana a watan Mayu cewa dalilin tsaro ne, inda ya zargi Benin da bai wa sojojin Faransa masauki, zargin da hukumomin Kwatano suka musanta. Tsofaffin shugabannin Benin biyu, Nicéphore Soglo da Boni Yayi, sun zo Yamai a watan Yuni neman sulhu, ɗanyen man Agadem ya koma bin bututu zuwa tashar Sèmè, amma har ƙarshen 2024 gadar ba ta buɗe wa matafiya ba.

Abin da ke faruwa a zahiri kowa ya sani. Bas na sauke fasinja a Gaya, su ɗauki kayansu zuwa bakin kogi, su shiga kwale-kwale, su tsallaka, sannan su nemi wata motar a Malanville. Kowane mataki da kuɗinsa: na mai babur, na ɗan dako, na mai jirgi. Babu ɗaya daga cikinsu da ke rubuce a jikin tikitin da aka saya a Yamai. Sannan wannan mashiga ta ruwa ba ta da tabbas. A watan Mayun 2024, lokacin da rikicin mai ya yi zafi, jami'an Benin sun tare ta, mutane suka maƙale a gaɓa da kayansu. Abin da ya faru sau ɗaya yana iya sake faruwa ranar da kake kan hanyar dawowa, kuɗinka ya ƙare, aiki ko makaranta na jiranka ran Litinin.

Akwai kuma abin da matasa da yawa ba sa lura da shi. Kogin Isa sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko ta damina ce, ta biyu kuwa ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini ne, wanda ke ɗaukar watanni yana ratsa Mali kafin ya iso mana tsakanin Disamba da Fabrairu. Wato lokacin hutun sanyi kogin a cike yake. Kwale-kwalen da aka cika da mutane da buhuna da babura a irin wannan ruwa, ba tare da rigar kariya ba, bai dace da wanda ya fito yawon shaƙatawa ba. Ɗan kasuwa da ɗalibi da mai jinya na shiga ne don dole. Mai zuwa ɗaukar hoto a bakin teku ba shi da wannan dolen.

Bugu da ƙari, arewacin Benin, musamman yankunan da ke maƙwabtaka da gandun dajin W, na fuskantar hare-haren ƴan bindiga tun ƙarshen 2021. Mai son kauce wa duk wannan sai ya hau jirgin sama, misali na ASKY da ke bi ta Lome, kuma farashin tikitin ya ninka na bas sau da yawa.

Hanyar gabas

Kada a ɗauka muna cewa hanyar Kano shimfiɗar tabarma ce. Daga Yamai zuwa Maraɗi kimanin kilomita 660 ne, yini guda cur a cikin bas. Daga can a bi ta Ɗan Isa a shiga Najeriya ta Jibiya, a wuce Katsina, a isa Kano. Gaba ɗaya tafiyar ta haura kilomita 900. Bambancinta da ta kudu shi ne iyakar a buɗe take a hukumance tun watan Maris na 2024. Ana shiga ta ƙofa, ana nuna takarda, idan wani abu ya faru akwai hukumar da ta san da wucewarka.

Matsalar wannan hanya ita ce yankin Jibiya, wanda ya daɗe yana fama da ƴan bindiga masu satar mutane don kuɗin fansa. Haka nan mai tunanin yankewa ta Ƙonni da Illela zuwa Sakkwato ya tuna cewa a watan Nuwamban 2024 rundunar sojin Najeriya ta sanar da ɓullar ƙungiyar Lakurawa a sassan Sakkwato da Kebbi. Saboda haka sharuɗɗanmu ga mai zuwa Kano uku ne, kuma ba na wasa ba ne. Ya kwana a Maraɗi, ya tsallaka da rana tsaka. Ya tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki a ranar, domin sun fi kowa sani. Idan suka nuna shakka, ya ƙara gaba ya bi ta Matamai da Kwangwalam zuwa Daura da Kazaure. Ta fi nisa, ta fi cin kuɗin mota, amma an fi samun kwanciyar hankali a kanta.

Wata rana jirgin ƙasa zai sauƙaƙa wannan tafiya. An aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kusan kilomita 284, a watan Fabrairun 2021, sai dai aikin bai kammala ba, don haka a bana mota ce.

Lissafin aljihu

A nan ne Kano ta fi rinjaye. Kafin gwamnatin Bola Tinubu ta saki naira a watan Yunin 2023, jika ɗaya ta sefa ba ta kai naira 1,500 ba a hannun ƴan canji. Yau ta haura naira 2,000 nesa. Mai sefa a kasuwar canji ta Wapa da ke Fagge yana fita da damin kuɗi, kuma masauki da abinci da tufafi duk suna zo masa da sauƙi idan ya mayar da lissafin zuwa kuɗin gida.

Amma a yi hattara da wannan dami. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta wuce kashi 30 cikin ɗari, litar fetur ta haura naira 1,000, kuɗin adaidaita sahu da na mota sun tashi. Wuta ma ba ta da tabbas. A watan Oktoban 2024 Kano da wasu jihohin arewa sun yi sama da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan lantarki. Kafin ka biya kuɗin ɗaki, ka tambaya ko akwai janareta ko sola, da awa nawa ake kunnawa. A ƙarshen shekara kuma takardar kuɗi kan yi wuya a bankuna, masu POS su ƙara la'ada. Kada ka canja kuɗinka duka rana ɗaya, domin nairar da ta rage a aljihunka ba ta da amfani a Yamai sai da asara.

A Kwatano babu canji, tunda mu da Benin duk muna cikin UEMOA, jika ɗaya jika ɗaya ce. Wannan sauƙi ne, amma kuma yana nufin babu rangwamen da kuɗinka zai samo maka. Disamba lokaci ne da ƴan Benin mazauna waje ke dawowa bukukuwan Kirsimeti da sabuwar shekara, masaukan da ke kusa da teku kan cika, farashi ya hau. Wanda ke da ɗan uwa a unguwar Zongo ya tsira daga wannan. Wanda ba shi da kowa, kuɗin kwana zai cinye rabin guzurinsa.

Mu tuna kuma da ƙasar da muke ciki. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata. Ambaliyar daminar 2024 ta kashe sama da mutum 300, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, har ta sa aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. Gidaje da yawa a Yamai da Maraɗi da Damagaram ba su gama tayar da katangarsu ba. Ba muna cewa saurayi ko budurwa ba su da haƙƙin hutawa ba ne. Wanda ya yi aiki shekara guda ya tara, halalinsa ne ya kashe. Abin da muke ƙi shi ne a ci bashi, ko a kwashe kuɗin adashi tun kafin lokaci, ko a sayar da babur ɗin da ake neman abinci da shi, saboda kwana biyar da ƴan hotuna a Facebook da TikTok. Watan Janairu na nan tafe da kuɗin haya da na makaranta.

Me za a gani?

Dole a yi wa Kwatano adalci. Ɗan Sahel da bai taɓa ganin teku ba, ranar da ya tsaya a gaɓar Fidjrossè ba zai manta da ita ba. Birnin ya canja sosai a ƴan shekarun nan. Akwai mutum-mutumin jarumar Dahomey mai tsawon mita 30 da aka ƙaddamar a Yulin 2022, akwai doguwar katangar zane-zane ta kusa da tashar jiragen ruwa, akwai kasuwar Dantokpa wadda ke cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Ganvié, garin da aka gina a kan ruwan tafkin Nokoué, ba shi da nisa. Ouidah na da tazarar kusan kilomita 40, inda ake ganin hanyar da aka bi da bayi zuwa jiragen Turawa, kuma a nan ake bikin Vodun a kewayen 10 ga Janairu. Mai jin Faransanci ba zai ɓata ba, mai jin Zabarmanci zai fahimci Dendancin Malanville, a Zongo kuwa Hausa ake yi.

Gargaɗi biyu ga wanda ya je. Igiyar ruwan gaɓar Benin tana da ƙarfin ja, kuma wanda ya iya iyo a kogi bai iya na teku ba. A tsaya inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Sannan ƴan kabu-kabunsu, da suke kira zemijan, tun watan Maris na 2024 ƴan sanda ke tilasta wa fasinjansu ma sa hular kwano. A kuma tafi da gidan sauro, domin can sauro ba ya hutun sanyi.

Kano ba ta da teku, kuma mai gudun sanyi ya sani cewa darenta a Disamba ya fi na Yamai sanyi, hazo ma ba ya ragawa. Abin da take da shi tarihi ne da ciniki. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, a ƙarni na 15. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, har yau ana rini da baba a cikinta. Daga kan Dutsen Dala ana hango tsohon birni, a Gidan Makama kuma akwai kayan tarihin masarauta. Kantin Kwari ne inda yawancin shadda da atamfar da muke saya a Babbar Kasuwar Yamai da ta Maraɗi ke ratsowa ko ake kwatanta farashinsu da shi, kuma matashin da ke tunanin fara sana'a zai koyi abu a kwana uku a can fiye da abin da zai ji a fada shekara guda. Haka kasuwar waya ta Farm Centre da ta hatsi ta Dawanau.

A watan Disamban 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake karewa. Sai dai kada wani ya tafi da niyyar ganin dawaki a Disamba. Hawa na sallah ne, kuma rikicin sarauta da ya taso a watan Mayun 2024 tsakanin Muhammadu Sanusi na II da Aminu Ado Bayero ya sa ƴan sanda suka hana na babbar sallar 2024. Baƙo ya nisanci taron siyasa da na masarauta. Ya kuma tuna cewa jihar na aiki da shari'ar Musulunci tun 2000, akwai Hisba, kuma shigar da ba a ɗaga wa ido a wasu unguwannin Yamai tana iya jawo magana a cikin birni. Wanda abin da yake nema shi ne rawa har asuba, ya faɗa wa kansa gaskiya tun a gida cewa ba Kano yake so ba.

Takardu

Ko ina aka nufa, a riƙe katin ɗan ƙasa da bai ƙare ba da katin allurar shawara. Mai zuwa Najeriya ya fi samun sauƙi idan yana da fasfo. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba biza har kwana 90. Amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewarsu a ranar 28 ga Janairun 2024, kuma wa'adin shekara guda ya cika a ƙarshen Janairun 2025. Mai niyyar daɗewa ya sa wannan a lissafinsa, ya kuma riƙa bin sanarwar hukumomi.

Ga ƴan uwa na waje, da hukumomi

Yayye da ƙanne da ke ƙetare, ku ne ke biyan kaso mai yawa na waɗannan tafiye-tafiye. Kafin ku tura kuɗi ta Nita ko Amana, ku yi tambaya: ta wace hanya, da wa, a ina za a kwana, kuma nawa aka ware na dawowa? Wannan ba rowa ba ce. Idan an tare hanya ko kuɗi ya yanke a Parakou, wayarku ce za ta fara ƙara. Ku ma da ke shirin zuwa gida da iyali kuna son nuna wa yara teku, ku yi ta sama ko ku bari sai an buɗe gada. Kada a sa ƙananan yara a kwale-kwale don yawon buɗe ido.

Ga hukumomin Yamai da na Kwatano kuwa, ba mu raina batun tsaro ba. Amma gadar da aka rufe ba ta hana mutane wucewa ba, ta dai mayar da su cikin ruwa, inda babu rajista, babu binciken kirki, babu mai ƙirga yawan waɗanda suka shiga jirgi. Idan manufar ita ce a san wanda ke shiga da wanda ke fita, kan gada ya fi bakin kogi sauƙin tsarewa. Muna kira da a buɗe wa masu tafiya a ƙafa da bas na fasinja ko da na wasu awoyi ne a yini. Kafin nan, hukumomin Gaya su ƙayyade yawan mutanen da jirgi zai ɗauka, su tilasta rigar kariya, su hana tsallakawa da dare.

Matashin da ya yi lissafi ya ga kuɗinsa ba su kai Kano ba, balle Kwatano, bai rasa komai ba. Kokowar takobin ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, a Doso aka yi ta a ƙarshen Disamban 2024, garin Issaka Issaka mai takobi shida. Tafiyar awa biyu ce da ƴan mintuna daga Yamai, babu iyaka, babu canji, kuma ana iya zuwa da safe a kwana a Banifandou.